Muryar da Ta Ɓace a Amshi

Basharu Dalijan, mawaƙin noma, yana tsugune yana zaɓen goro a kasuwar Gwandu sai ya ji muryarsa ta wuce a kan babur. Wani ɗan kabu-kabu ne ya ƙure sifika da sabuwar waƙarsa ta ambaliya, wadda bai saki ba tukuna. Basharu ya riga ya sa hannu da wani kamfani a Kano cewa su za su fara fitar da ita a intanet, ga shi tun kafin su ɗora ta, ta zama abincin masu shayi.

Kafin azahar yana caji ofis, babbar riga tana jan ƙasa. Kafin la'asar Muzzammil mai situdiyo, wanda ya naɗi waƙar, yana bayan kanta, an garƙame shagonsa da kwaɗo.

Sufeto Albarka aka miƙa wa binciken. Mutum ne mai sanyin tafiya da ƙaramin tumbi, wanda abokan aiki ke tsokana da cewa ko gobara ce sai ya gama shan furarsa. Amma yana da kunne, kuma ba ya son a kai mutum kotu don kawai shi ne mafi kusa da hannu. Ranar Litinin za a gurfanar da Muzzammil. Ko ya tsira daga kurkuku, babu mawaƙin da zai sake ba shi amanar waƙa, shagon ya mutu ke nan.

"Kai ka sayar?" Albarka ya tambaye shi ta tsakanin ƙarafuna.

"Ban sayar ba, yallaɓai."

"Wa ke da ita ban da kai?"

"Alhaji Basharu."

"Sai wa?"

Muzzammil ya zuba wa ƙasa ido. Ɗakin ƙunci ne da shi, ga zafin damina, ga sauro da rana tsaka. Albarka ya kunna masa waƙar da ta yaɗu a wayarsa. Ana kaiwa amshi saurayin ya runtse ido, ya juya fuskarsa bango, daga nan ko tari bai ƙara yi ba. Abin ya dami Albarka. Ya saba da masu laifi, surutu gare su kamar rediyo. Wannan kuwa ya san wani abu, kuma ya zaɓi ya ruɓe da shi.

Ɗan kabu-kabun ya ce a Kalgo aka tura masa, don haka washegari Albarka ya kama hanya. A bakin tasha ya sami Abdulrasheed mai tura waƙoƙi ƙarƙashin lema, da tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba.

"Ka san kwafar waƙar mutum kana sayarwa ba izini laifi ne?"

"Yallaɓai, in laihi ne to Kalgo duk ta shiga mota mu tahi."

"Da kai zan fara. Ina ka samo ta?"

Abdulrasheed ya sosa ƙeya. Ya ce sana'ar haka take, duk wanda ya kawo memori a zuba masa, sai ka fara leƙa abin da ke ciki, in da sabon abu ka kwashe. Amma wannan ba kwashewa ya yi ba. Wani dattijo ne ya zo da rawani ya rufe rabin fuska, ya miƙa memori, ya ce a ba kowa.

"Ko sisi bai nema ba. Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da ba shi son kuɗi ba."

Albarka ya rubuta shi a matsayin shaida, ya ce ya goge waƙar a gabansa. Ya goge, ko da yake su duka biyu sun san ta riga ta kai Jega.

Ba don riba aka yi ba ke nan, kuma ba saurayi ya kai ba. A mota Albarka ya sa abin kunne, ya yi ta sauraron ta hannun Basharu da wadda ta yaɗu, ɗaya bayan ɗaya. Kiɗa ɗaya, baituka ɗaya. Sai a karo na biyar ya kama bambancin. A ta Basharu amshin yana da ƙasa, akwai wata murya mai kauri da ke riƙe da sauran. A ta kasuwa babu ita, amshin ya yi shakaf kamar miyar da ba daddawa.

'Yan amshin Basharu uku ne, Isa da Mu'az da Abu. Ya same su a Dalijan sun taso daga ciran shinkafa, ƙafafu duk laka. Ya fara jan Isa gefe.

"Yaya kuke koyon amshi, ku da kullum kuna fadama?"

"Ai Muzzammil na tura muna ga waya. Kowa da tashi. Sai shi cire muryar mutum daga ciki, in kana aiki ka kunna, ka cike gurbinka."

Basharu bai san da wannan ba, shi dai ya ga amshi ya zauna. Albarka ya karɓi wayar Isa ya saurara, muryar Isa ce babu. Ta Mu'az ma haka, tasa ce babu. A duka biyun mai kaurin nan tana nan daram.

"Malam Abu, naka memorin fa?"

"Ya faɗa ruwa."

Dattijo ne siriri, idanunsa sun yi ja da rana. Kalma uku ya furta, amma Albarka ya gane muryar, ita ce mai kaurin nan. Ya sallami sauran biyun, ya zauna kan turmi kusa da shi.

"Wadda ta yaɗu babu muryarka a ciki. Kwafi ɗaya ne a duniya haka, kuma kai aka yi wa shi. Muzzammil yana ji ya gane, shi ya sa ya yi gum. Mene ne shi a wurinka?"

Abu ya daɗe yana kankare laka daga ƙafarsa da tsinke.

"Ɗan ƙanwata ne. Tasalla da anka ambata ga baiti na huɗu, wadda jirgi ya kihe da ita shekarar ambaliya, uwa tai ce. Ni na yi waƙar nan, yallaɓai, tun daga farko har ƙarshe. Cikin gonata na yi ta ina kuka."

"To me ya sa sunan Basharu ke takardar kamfani a matsayin mai waƙar?"

"Shekara ashirin da biyu ina bayanshi. Ɗan amshi ba shi da waƙa, haka munka taras. Anka kawo takarda, anka ce in dangwala, na dangwala. Sai na ji mutanen Kano sun ce ta yi tsawo, za su yanke baiti na huɗu. Ban iya hanawa, ban iya kai ƙara, yatsana na bisa takarda. Na ce to bari mutane su ji sunanta kahin a yanke."

"Ka san yaron yana tsare?"

"An ce mani tambayoyi za a yi mai a sake shi."

"Litinin za a kai shi kotu."

Abu ya ajiye tsinken. Ya shiga gida ya sake riga, ya fito da hularsa a hannu.

Albarka ya ji tausayinsa ƙwarai, kuma tausayin bai canza komai ba. Zai rubuta a rahoto cewa Abu ya ce shi ya tsara waƙar, wataƙila lauya ya sami abin kamawa a nan, wataƙila alƙali ya sassauta. Amma a yau takarda tana hannun Basharu, kuma wanda ya kai memori Kalgo shi ne mai laifi. Suka shiga mota suka kama hanyar Gwandu.

Da aka zare sakata Muzzammil ya ɗago kai, ya ga wanda ke tsaye bayan Sufeto. Ya ƙanƙame ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Yallaɓai, ni na sayar. Rubuta, ni ne."

"Na riga na rubuta gaskiya," in ji Albarka.

"Kawu, wallahi ban hwaɗi ba."

"Na sani." Abu ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin kanta, ya ciro wayarsa ya miƙa wa ɗan sandan da ke tsaron ƙofa. Sannan ya kama yatsun Muzzammil yana ɓamɓare su daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. "Hito ka tai ka buɗe shagonka. Wurin nan bai ɗaukar mu biyu."