Bijimin da Aka Ce a Yanka

Batula 'yar Malam Ari ce, mutumin Toranke, wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun da daɗewa. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rauda, mai shekara tara. A gidan mahaifinta ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, manema ma ba su yanke ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai ɗauke ta har da 'yarta. Duk wanda ya zo, sai zance ya yi nisa ya ce ai yarinyar ta fi kyau a wajen kakanninta.

Inuwa kuwa mutumin Balan ne, likitan dabbobi, wanda ya yi shekara biyu a Indiya yana ƙaro karatu. Iyayensa sun rasu. Gidansa babu kowa sai shi da wani tsohon bijimin huɗa da ake kira Dattijo, wanda ya daina jan garma tun shekara uku.

Allurar awaki ce ta haɗa su. Ranar da ya fara zuwa zance, tun kafin ta kawo maganar, ya ce ya share ɗaki guda saboda Rauda, saura ta zaɓi kalar fenti. Batula ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

Akwai kuma Musbahu, dillalin shanu a kasuwar Gaya, wanda shi ma yake neman Batula. Sau biyu yana taya Dattijo, Inuwa yana cewa ba na sayarwa ba ne. Wata safiya ya biyo ta bayan danga ya tarar da Inuwa a durƙushe gaban bijimin yana cire masa ƙaya a kofato. A goshin Dattijo akwai jan maganin da aka shafa wa wani miki. Musbahu ya zaro waya ya ɗauka.

Kafin la'asar hoton ya zaga Toranke. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya ce ya gane wannan jan ɗigon na goshi, ya kuma gane durƙuson. Aka ce likita ya dawo da bautar saniya.

Malam Ari ba mai saurin fushi ba ne. Ya aika wa Inuwa saƙo a taƙaice: idan zancen ƙarya ne, ya yanka bijimin ranar Juma'a a raba naman, ranar Asabar ya turo magabatansa.

Batula ta ji sanyi a ranta, don a ganinta sharaɗin mai sauƙi ne. Da Inuwa ya zo da yamma, ita ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, tana murmushi. Shi ne bai yi murmushin ba.

"Ba zan iya ba, Batula."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Yanka halal ne, ban musa ba. Ragon layyar bara da hannuna na yanka shi. Amma bijimin nan shekara goma yana huɗa mana. Shekarar da Baba ya kwanta ciwo, ni da bijimin nan muka ciyar da gidanmu. Yanzu don a rufe bakin Musbahu in sa masa wuƙa?"

"Don ni za ka yi, ba don Musbahu ba."

Inuwa ya gyara zama. Sannan ya ba ta labarin wani tsoho, Baba Keshab, mai kula da shanun makarantarsu a Indiya, mabiyin addinin Hindu. Tsohon ya sha gaya masa cewa a wajensu zunubi shi ne duk abin da ya cuci mai rai, ya kuma bar duhu a zuciyar wanda ya aikata, lada kuwa shi ne abin da ya sauke wa wani nauyi. Sun yarda cewa kowane aiki iri ne, ko an binne shi sai ya tsiro, mai shi kuma ya girba. Yakan ce aikin da mutum ya yi don tsoron bakin mutane, ko da ya yi kama da na kirki, ba ya wanke zuciya.

"Ban bi addininsa ba, shi ma bai nema ba. Da azumi shi yake buga mini ƙofa in tashi sahur. Amma maganar nan na auna ta da abin da aka koya mana, ban ga inda ta saɓa ba."

"To ka aure shi," in ji Batula. "Ka auri Dattijon, bijimin naka..."

"Haba, abar ƙaunata."

Ta miƙe ta shige gida, ta bar shi da tabarma.

Juma'a ta zo ta wuce, ba a yanka komai ba. Sati uku Batula ba ta ɗaga wayarsa. Mahaifiyarta, Ya Fanta, ta ce ai Allah ne ya tsare su, namijin da ya fifita dabba a kan mace ba abin kuka ba ne. Musbahu ya dawo da ƙarfinsa, da turare da atamfa. Ya yi alkawari iri-iri, a ƙarshe ya ƙara da cewa Rauda sai ta yi zamanta a nan, tunda ta saba, shi ba ya son hayaniyar agola.

Batula ta sallame shi. Amma maganar ta tsaya mata a rai kwana biyu. A rana ta uku ta tarar da mahaifinta yana gyaran igiya a ƙarƙashin darbejiya, ta durƙusa.

"Baba, na yi fushi da ya ƙi yankawa. Yanzu kuma na ga da ya yanka, da tsoronsa zan riƙa ji. Wanda surutu zai sa ya rabu da abin da ya yi masa wahalar shekara goma, ranar da aka fara surutu a kan Rauda fa?"

Malam Ari ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce ta kira masa amaryarsa, wato Rauda, ta sa takalmi za ta raka tsohon mijinta unguwa.

Ba su sanar da kowa ba. Suka hau babur suka isa Balan ana kiran azahar. A masallacin unguwa Malam Ari ya tarar da Inuwa, suka yi salla kafaɗa da kafaɗa, Rauda na jira a inuwa. Daga nan suka wuce gida.

Dattijo yana kwance a turke yana tuƙa. Ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, wuyansa ya yi kanta inda karkiya ta daɗe tana zama. A gabansa akwai dusa da aka jiƙa, domin haƙoransa ba sa iya harawa. Malam Ari ya buɗe bakin bijimin ya duba, ya shafa wurin mikin da ya warke, ya tambayi Inuwa har yaushe zai riƙe shi.

"Har ranar da zamansa zai zame masa azaba, Baba. Ranar ni zan yi bisimilla in yanka, ba zan bar wa kowa ba. Amma don shi zan yi."

Malam Ari ya dubi Dattijo. Sannan ya ce shi ma ya taɓa yin wani bijimi irin wannan, baƙi, mai karyayyen ƙaho. Da ya tsufa ya kai shi kasuwar Gaya, ana jan sa zuwa mota yana waiwayensa. Ya ce bai aikata haram ba, amma har yau ba ya son bi ta wannan layin. Ya ƙara da cewa mu ma an gaya mana akwai lada a tausaya wa duk mai rai, mantawa kawai muke yi.

"Ka turo mutanenka ranar Asabar. Na janye maganata."

Inuwa ya durƙusa yana godiya. Malam Ari ya ce ya tashi kafin wani ya sake ɗaukar hoto.

Ita Rauda ba ta bi duk zancen ba. Ta leƙa wani ɗaki da aka share, babu komai ciki sai sabuwar tabarma. Inuwa ya tambaye ta kalar da take so, ta ce shuɗi, sai kuma ta ce a'a, kore. Ya ce za a jira har ta gama shawara.

An ɗaura aure bayan girbi. Ranar da aka kai amarya Balan, Rauda na cikin motar, da akwatinta a kan cinya. Ba ta san inda Indiya take ba, ba ta kuma san abin da manya suka yi ta jayayya a kai ba. Abin da ta gane shi ne, a gidan nan ba a korar kowa don ba shi da amfani.