Kwabon Kantin Mai Lofe

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Sahura, sauke ƙafarki daga cinyata, ni ba katifa ba ce. Wannan ba tatsuniya ba ce, labarin Kaka Nomau ne, ga shi can kwance a ɗakinsa. Wanda ya kai masa ƙarata, ni da shi ne.

Kun san kangon nan na bayan tasha, wanda cediya ta tsaga bangonsa? A da kanti ne, na wani Bature da ake kira Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofe ba. Fatu yake saya da gyaɗa. Amma in ya auna kayanka a sikeli, ba kuɗin kasuwa zai ba ka ba. Kwabon kansa yake bayarwa, na jan ƙarfe, da hoton kada a jiki. Kai shi kasuwa, ko mai ƙosai ba za ta kalle ka ba. Dole ka koma kantinsa ka karɓi gishiri ko yadin akoko a farashin da ya ga dama. Ni dai duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Rana ɗaya aka wayi gari ya tafi. Kanti a rufe, mutane riƙe da kwabban da ba su da maraba da tsakuwa. Wani majemi ya jefa nasa a ƙasan adaka, da ya rasu 'yarsa Gwamma ta gada. Gwamma ita ta haifi Kaka Nomau. 'Yar mitsitsiyar mace ce mai sayar da daddawa, amma ko mahauta ba sa ja da ita.

Da ta haifi Nomau sai cibinsa ya turo waje. A lokacin, kwabo ake ɗorawa a kai a ɗaure da tsumma har ya koma. Mijinta ya tafi fatauci, gidan babu ko anini. Sai ta tuna da na ƙasan adaka. Ta goge shi da toka, ta ɗaura wa yaro.

Yaron da kukansa ke hana unguwa barci, daga ranar ya yi tsit. Yana wangale baki, hawaye na zuba, babu sauti. Nono ma ya ƙi kamawa. Ta kwance tsumma, kwabo ya manne da fata. Aka sa man shanu, aka sa ruwan ɗumi, ko gezau.

Ungozoma ta duba, ta ja da baya.

"Gwamma, kantin nan ba a rufe yake ba, wasu ne suka gaje shi. Abin da kwabonsu ya taɓa, can yake komawa. Haƙuri za ki yi."

"Inna, haƙurin da ubana ya yi ya ishe mu."

Ta goya ɗanta, ta fita. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, lokacin da ko kaza ta san ta shige akurki. Babu wanda ya raka ta.

Sahabi, in tsoro kake ji ka riƙe hannun Sahura, ka daina tsunkulina.

Ta isa kango. Ƙofar da gara ta cinye tun tuni, ga ta nan sabuwa, a buɗe. Ciki da fitila. Warin kananzir da ɗanyar fata. Bayan teburin ciniki wani dogon mutum ne tsaye cikin farin kaki, kamar akawu. Ya fito tarbarta. Gabansa na fuskantarta, amma dugadugansa ne ke gaba, yatsun suna kallon bango.

Ita da bakinta ta faɗa, ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Amma ta yi bismilla, ta shiga.

"Sannu da zuwa," in ji shi. Muryarsa kamar an kaɗa kwabbai a gwangwani. "Kin kawo kaya. Ɗora a sikeli."

"Ban kawo kaya ba. Saye na zo."

"Da me?"

Ta kwance goyo, ta shimfiɗa yaro a kan teburin, ba ta saki ƙafarsa ba. Ta yaye masa riga. Hoton kadan nan ya yi ƙyalli a hasken fitila.

"Wannan na wane ne?"

Ya kau da kai, yana gyara sikeli.

"Da kai nake. Na wane ne?"

"Namu ne."

"Ubana ya jeme fatu har hannunsa ya tsattsage, wannan kuka ba shi. Kuka ce babu inda ake karɓarsa sai nan. To, ga shi na kawo inda ake karɓa. An taɓa ƙin sa a kantin nan?"

Fitila ta yi ƙasa, ta dawo.

"Ba a taɓa ba."

"To cire abinka, ka ba ni abin da na nuna."

Sai ta ɗaga kai ta dubi kayan da ke jere a bango. Ba gishiri, ba akoko. Gwangwanaye ne a rufe, kowanne da abin da ke motsi a ciki. Wani nishin ɗan dako. Wani numfashin tsohuwa. Can a gefe, wani ɗan ƙarami yana tsala kuka ƙasa-ƙasa. Ta gane kukan ɗanta ne tun kafin ta gama juyawa.

Ta ɗaga hannu za ta nuna, sai ta ji tari daga wani gwangwani can sama. Tari biyu, sannan gyaran murya. Haka ubanta yake yi in zai kira ta.

Mutumin ya yi murmushi. Haƙoransa jajaye ne, irin jan kwabon.

"Kwabo ɗaya, abu ɗaya. Tsohon ya daɗe yana jiranki."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin nan. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Baba, ka yafe mini," ta ce. "Kai ka samo kwabon nan, jikanka zan saya da shi." Ta nuna ƙaramin. "Wancan."

Ya sa farce, ya ɓamɓare kwabon daga cibin yaro kamar ɓawon gyaɗa. Ya buɗe gwangwani. Nomau ya ƙwalla ƙarar da sai da kwanon rufi ya amsa.

Ta suri ɗanta. Har ta kai ƙofa, ya kira ta. Tafin hannunsa cike da jajayen kwabbai.

"Ga gyara. Ki dawo gobe ki sayi tsohon."

Ku ji mugunta. Da ta karɓa, da har yau gidanmu yana safa da marwa a ƙofar nan. Gwamma ta tofar da yawu a dokin ƙofa.

"Riƙe tsiyarka. Mu da kantin nan mun rabu."

Ta fita. Tarin nan ya biyo ta har bakin tasha, yana kiran sunanta. Ba ta waiwaya ba. Ta shigo gari tana kuka, ɗanta yana kuka, mutane suka fito daga masallaci suna kallonsu. Har ta bar duniya ba ta ƙara bin hanyar ba, kuma in wani ya yi tari sau biyu a kusa da ita sai ta tashi ta bar wurin.

Don haka kada in ji wani ya bi bayan tasha shi kaɗai. In kun ga jan kwabo a ƙasa, ko ƙafarku kada ta taɓa shi. Mai musu ya leƙa cibin Kaka in yana canza riga, zai ga shatin kada.

Shhh. Kun ji? Shi ne ke tambayar wane ne bai kwanta ba. Kullum kuna ƙorafin muryarsa ta cika ƙarfi. Ku bar shi ya yi ihunsa, da tsada aka sayo ta.