Takalman Kurihara

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Numata zuwa sabon ɗakin ɗaurin aure da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta birnin Nagoya. Kamar tsohuwar coci aka gina shi: baƙin bango, dogayen tagogi masu jan gilashi, kyandir ko'ina. Da tsakar rana ma sai ka ji kamar kabari ka shiga, kuma hakan amaren yanzu ke so.

Kurihara, mai zanen ginin, na kwance a ƙasa kai a fashe, ba takalmi, sai safa a ƙafa. A saman bene, gaban ƙarfen kariya, takalmansa na ajiye a jere.

"Ya cire takalmi kafin ya faɗo, yallaɓai," in ji manajan ɗakin. "Kansa ya kashe, haka masu kashe kansu ke yi a ƙasar nan."

Numata ya hau ya tsuguna, ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya sa aka kira Hozumi, mataimakiyar mamacin, dattijuwa mai furfura.

"Yau ko matakala ban taka ba," ta ce.

"Wa ya zana tagogin nan?"

"Shi."

"Hannunsa tas kamar na jariri, naki kuwa duk baƙin fensir. A ina kika girma, Hozumi?"

"A masaukin baƙi na iyayena, a garin Gero."

"Ke ke gyara takalman baƙi a bakin ƙofa?"

Numata ya nuna saman bene, ya ci gaba.

"Mai niyyar faɗawa ƙarfe yake fuskanta, ya zare ƙafa, takalmi ya tsaya yana kallon inda ya bi. Waɗannan kuwa an juya su suna kallon matakala, kamar yadda ake gyara wa baƙon da zai fita daga masauki. Hannunki ne ya tona miki asiri."

Ta dubi yatsunta. Ko hawaye babu.

"Shekara ashirin da uku ina zane yana sa hannu. Yau na roƙe shi ya ƙara sunana a allon ƙofa, ko da ƙananan baƙaƙe. Ya yi dariya, wai sunan tsohuwa zai ɓata masa bango. Sai na tura shi, na sauko na zare takalman, na kai su sama na jera."

Abin tausayi, amma Numata ba ya aiki da tausayi. Ya sa mata ankwa.

A bakin ƙofa suka tarar da manajan yana waya, baki har kunne.

"A ƙara girman allon, a rubuta aikinsa na ƙarshe. Sunansa kaɗai."

Ta ƙarƙashin allon aka wuce da ita.