Sanarwar da Ta Ƙi Tafiya

Ana kiran magariba wani tsoho ya shigo shagona rungume da kwamfutar tebur, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Mai gyara, akwatin rubutun dandalinmu na intanet ya ƙi buɗewa, ga shi sanarwa zan aika."

Ya ajiye ta a kan teburina, na duba allonta. "Baba, ai burauzar nan da kake shiga intanet da ita ta girme ni!" na ce ina dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

Na cire tsofaffin ƙananan manhajojin da suka toshe ta, na sabunta shafin. Akwatin ya buɗe da rubutu a ciki. Sanarwar rasuwa ce, ga hotona a sama.

Tsohon ya miƙa yatsa zai aika.

Na duƙa da sauri in fizge wayar wutar kwamfutar daga soket. Ashe tun shigowarsa ban jona ta ba.