Malamar Da Ta Ƙi Ganin Shamuwa

A ɗakin girkin Goggo Stoyna abin ya faro, ranar ɗaya ga watan Maris da la'asar. Shekarar ta kwanta mini, amma dai bayan an rufe ƙaramin asibitin ƙauyen ne, kuma kafin ruwa ya cinye tsohuwar gada. A Lipen, can cikin duwatsun Bulgariya, har lokacin da sauran ƙanƙara a kan rufin gidaje.

Malama Zornitsa ta shigo hannayenta biyu cike da martenitsa, zaren nan ja da fari da ake ɗaura wa wanda ake ƙauna a wannan rana. Kowane ɗalibinta ya ɗaura mata ɗaya. A wasu garuruwan ko furen itace mutum ya gani ya isa ya cire, amma a Lipen sai ka ga shamuwar farko da idonka, sannan ka kwance ka ɗaura a reshe. Kalin, saurayin da zai aure ta, ya kama hannunta yana neman inda zai sa nasa.

"Yaran nan sun riga ni, ko gurbin yatsa ba su bar mini ba."

"Sai ka bi layi," in ji ta. "Haka nake koya musu."

Goggo Stoyna, mahaifiyar Kalin, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon miyar wake a gaban malamar, ta tura wa jikarta Elitsa, 'yar babban ɗanta Plamen, gurasa, ta zauna tana goge hannu da gefen zane.

"Ci, 'yata, kin rame kamar alli. Plamen ya bugo daga Jamus. Ya samo wa ƙanensa aiki a inda yake, ke ma an samo miki, kula da tsofaffi. Har ɗaki ya kama."

"Goggo, makarantar fa?"

"Makarantar da yaranta ba su cika benci huɗu ba? Garin nan ya mutu, binnewa ce ba a yi ba. Ni ba na son dogon zance. Ranar da kika ga shamuwa, ki cire zaren nan ki zo ki ba ni amsa. Ko ki ajiye alli ku tafi tare, ko ki sakar mini ɗa ya tafi shi kaɗai."

Zornitsa ta dubi Kalin. Shi kuwa ya duƙufa a kan miya kamar wanda ya yar da zobe a ciki.

Da ya rako ta gida ta tsaya a bakin famfo.

"Kai me kake so?"

"Abin da kike so."

"Ni na fara tambaya."

"Zori, Inna ita kaɗai ta rene mu bayan rasuwar Baba. Ban taɓa ce mata a'a ba. Ban ma san yadda ake fara faɗinsa ba."

"To amyoyin zumarka?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta shiga gida ba ta san ko faɗa suka yi ko hira ba.

Makarantar Lipen ɗaki ɗaya ne ya rage ake aiki da shi. Daga 'yan aji ɗaya har na huɗu duk a nan suke, ita ce malamarsu, ita ce shugaba, ita ke hura murhu da safe kafin su iso. Da can akwai wani malamin lissafi dogo mai tari, sunansa ya ɓace mini, ya yi ritaya ba a aiko kowa ba. Kowa ya san in ita ma ta tafi babu mai hawowa dutsen nan. Za a kulle ƙofa, a riƙa kwasar yara a bas zuwa birni tun duhun asuba, ta hanyar nan mai kwana-kwana da ko manya sai sun yi addu'a.

Rabin yaran a hannun kakanni suke. Ta taɓa cewa kowa ya zana gidansu, sai Elitsa ta zana kakarta, da kyanwa, da wata waya babba mai dogon gashi. Ta ce mamarta ce. Tun daga ranar Zornitsa ta gane aikin nata ya wuce koyar da baƙi da wasali. Ita ke lura da wanda takalminsa ya matse shi, da wanda haƙorinsa ke girgiɗi, da wanda aka yi wa alƙawarin za a zo hutu ba a zo ba. Wani lokaci takan tambayi kanta ko tausayi ne ya riƙe ta, ko kuwa tsoron fita duniya take rufewa da sunan tausayi. In tana gyara rubutun yara sai ta ga kamar ta san amsa. In ta hango Kalin ya wuce da hular zumarsa sai amsar ta gudu.

Shamuwar Lipen kuwa, don ƙarin rikici, a kan bututun hayaƙin makarantar take sheƙa, tun zamanin kakanni.

Wata safiya tana rubutu a allo ta ji ƙaf-ƙaf-ƙaf daga sama, ƙarar bakin nan da ba a mantawa. Ajin ya watse zuwa taga.

"Malama, ta zo! Su biyu ne ma."

"Ku zauna. Ba mu gama lissafi ba."

"Malama, ki leƙa mana kaɗan."

"Wuyana ke ciwo, ba na iya ɗaga kai."

Haka ƙaryar ta fito ba ta shirya ta ba. Ai al'ada cewa ta yi in ka gani, ba ta ce in ka ji ba. Ta ja labulen tagar gabas ta ce rana na kashe wa yara ido, alhali hadari ne a garin. Ta koma shiga ta ƙofar baya, ta wajen rumbun itace. A hanya kanta a sunkuye, har ta san kowane rami na titin Lipen. Yara suka cire zarurrukansu suka rataya a itacen fulam ɗin da ke farfajiya, ya yi ja da fari, ita kuwa nata na nan suna ta dauɗa da ƙurar alli.

Elitsa ta same ta lokacin tara.

"Malama, ciwon wuyan nan yawo yake yi. Kakata ma ya kama ta. Ta janyo ɗankwali har kan hanci, jiya ta yi karo da akuyar maƙwabta ta ba ta haƙuri."

Zornitsa ta tausaya, ta ba yarinyar man zafi ta kai mata. Hankalinta bai kai ko'ina ba, domin wanda ke cikin ruɗu ko an nuna masa ƙofa bango yake gani.

Mutanen gari fa suka samu abin yi. Mai shago ya ce in kuɗi ta yar ta faɗa a taya ta nema. Tsofaffin da ke zama a bencin coci suka ce tun da suke ba su taɓa ganin malamar kimiyya mai gudun tsuntsu ba. A shagon ne kuma ta ji cewa wani mutum daga kwari ya zo duba amyoyin Kalin zai saya. Ta ajiye sukarin da ta ɗauko, ta fita. Ashe ya yanke shawara, bai ko gaya mata ba. Ta kulle kanta a aji bayan an tashi, ta kifa kai a teburin 'yan aji ɗaya ta yi kuka har hannun rigarta ya jiƙe, shamuwa na ta ƙaf-ƙaf a samanta.

Washegari, ko wanshekaren washegari, wannan ban riƙe ba, suna karatun labarin yaron da ya ɓoye fasasshen tulu, sai wata 'yar aji ɗaya mai giɓi ta ɗaga hannu.

"Malama, in mutum ya rufe ido don kada ya ga abu, ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?"

Zornitsa ta juya allin da ke hannunta.

"Ƙarya ce," in ji ta a hankali. "Kansa yake yi wa."

Da aka tashi ta fita ta ƙofar gaba da niyyar zuwa gidan Goggo Stoyna. Sai dai wuya ya saba, kan nan a sunkuye yake. Daidai kusurwar katangar makaranta, ƙarƙashin bututun hayaƙi, ta yi karo da mutum gaba da gaba. Kwando ya faɗi, banitsa, wainar cukun da aka kawo wa Elitsa, ta mirgine a ƙasa. Goggo Stoyna ce, ɗankwali har kan hanci.

"Wane makahon ne... au, ke ce?"

"Ni ce, Goggo. Wurinki za ni. Ban ga shamuwar ba, amma na san ta zo. Na yi ta ɓuya kamar yarinya. Amsata ita ce ba zan iya kulle ƙofar nan ba. Ina son Kalin, Allah ya sani, amma ba zan tare masa arziki ba. Na sakar miki shi."

Hawaye suka hana ta ƙarawa. Ta durƙusa tana tsince wainar, tsohuwar ma ta sunkuya, hannun rigarta ya zame. A wuyan hannunta ga zare ja da fari, ya yi baƙi da ƙullu da toka.

Zornitsa ta tsaya tana kallonsa.

"Goggo, ba ki cire ba."

"Ban gan ta ba."

"A kanki take."

"Na ce ban gan ta ba. Ke kaɗai aka ba izinin ciwon wuya?"

Tsohuwar ta zauna a kan dakalin katanga, ta ture ɗankwalin baya, amma idonta a ƙasa.

"Na ce a raina in ban gani ba, ban cire ba, tamkar shamuwar ba ta zo ba ke nan, ba ki da damar zuwa da amsa. Duk safiya ina jin an taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi, in ce ga ta nan ta zo ta ce sun yarda."

"Ke fa kika ce mu tafi."

"To me zan ce? Plamen kullum yana waya, Inna kin ɗaure yaro a gindinki, Inna kina so ya tsufa da ƙudan zuma. Matan gari su ce Stoyna ta hana ɗanta ci gaba don ta samu mai faskara mata itace? Uwa ta gari turawa take yi. Na tura ɗaya, ga abin da na samu, murya a waya da 'yar da ke zana waya ta ce uwarta ce." Ta share hanci. "Na ce bari in yi tsanani, in sun tafi kada su waiwayo su ji tausayina."

"Da na ce na yarda fa?"

"Da na haɗa muku kaya, na zuba ruwa a bakin ƙofa don tafiya ta yi sauƙi, na dawo ɗaki na mutu a hankali."

Suna nan zaune sai ga Kalin ya taho da tsani a kafaɗa, an aiko shi gyaran rufin coci. Ya gan su, ya nemi juyawa.

"Zo nan, ɗan nema," in ji uwar. "An ce ka sayar da amya."

"Ban sayar ba. Sau biyu mutumin yana zuwa, ina ce masa zumar na mura."

"Zuma na mura?"

"Abin da ya zo bakina ke nan, Inna."

"To kana son tafiya ko ba ka so? Ka buɗe baki yau ɗaya, ba na cizo."

Ya jingine tsanin, ya dubi malamar, ya dubi uwarsa.

"Ba na so. Ban taɓa so ba. Na ɗauka ke kike so, na kuma ɗauka Zori za ta gaji da ƙauye wata rana ta zarge ni."

"Kin ji sakarai," in ji Goggo Stoyna. "Ubansa sak. Shekara guda yana zuwa gidanmu yana tambayar lafiyar jakinmu kafin ya ce yana sona."

Zornitsa ta rasa ko dariya za ta yi ko ta ci gaba da kukan, sai ta haɗa biyun. Tsohuwar ta kama hannunta.

"Tashi, 'yata. Mu duba tare, kada wata ta riga wata."

Suka ɗaga kai. Shamuwa na tsaye a ƙafa ɗaya a bakin sheƙa, tana kallonsu kamar ta daɗe tana jira. Wuyan Goggo ya yi ƙara, wannan karon da gaske. Yaran da suka laɓe a bayan rumbun itace suka fito da tafi, aka ɗauki lokaci ana kwance zarurrukan malama, ƙullin ya ci. Nata da na surukarta a reshe ɗaya aka ɗaura su.

A yammacin nan Goggo Stoyna ta kira Plamen. An ce maƙwabta sun ji rabin zancen ba tare da sun fito ba. Ƙarshensa dai ta ce masa in yana son ƙanensa ya zo biki, ya taho da matarsa, yarinya ta ga uwarta da ƙafafu.

An ɗaura auren bayan an yi hutun ƙarshen shekara, ko makon da ya biyo, lokacin dai zuma ta fara zuba. Plamen ya zo yana ƙunƙuni, ya koma da kwalba uku na zuma. Da kaka ta yi, Malama Zornitsa ta buɗe ƙofar gaba ta ɗage labulen gabas, yara suka shigo da furanni.

Masu karatu, musamman ku matasa, haƙuri abu ne mai kyau, kuma malamar nan ta ci ribarsa, domin ba ta yi wa surukarta rashin kunya ba, ba ta kuma watsar da amanar yaran da aka ba ta ba. Amma haƙuri daban, ƙunshe magana daban. Mutum uku masu ƙaunar juna sun kusa rabuwa saboda kowa na yi wa ɗan'uwansa kara a kan abin da ba wanda yake so. In abu ya zo kanku, ku ɗaga kai ku dube shi, ku faɗa wa naku gaskiya cikin ladabi tun shamuwa ba ta gaji da jira ba.