Mutanen Gwaji

Ranar da abin ya fara, Injiniya ya dawo gida tun rana ba ta faɗi ba, abin da maiɗakinsa ta manta rabon da ta gani. Ta ɗaga labule ta hango shi yana rufe mota, ta ce, "Lafiya? Ko dai sun kore ka ne?" Ya yi dariya ya ce aiki ne ya zo gangara. Kwana kaɗan ya rage a kulle rijistar masu zaɓe, kamfaninsu ya miƙa wa gwamnati kayanta, shi kuma ya dawo mutum kamar kowa.

Shekara da shekaru ke nan yana kan aikin nan. Gwamnati ce ta ɗauko kamfaninsu ya gina mata manhaja guda da za ta san kowa da zanen yatsunsa. Da ita za a yi zaɓe, da ita za a ba da katin ɗan ƙasa, kuma wanda ba ya cikinta ba shi ba jarrabawa, ba asusun banki, ba layin waya. Akwai dokoki biyu da ya kafa a ciki, yana taƙama da su har ya ishi mutanen gidan. Ta farko, yatsa ɗaya mutum ɗaya, kuma wanda ya riga shiga shi ne mai yatsa. Ta biyu, in an kulle, ana iya ƙara sabon mutum, amma ba mahaluƙin da zai iya goge wanda ke ciki, ko da shi ne da ya gina ta.

Mai jure jin wannan wa'azi a gidan mutum ɗaya ce, Auta. Yayyenta duk sun watse neman na kansu, ita kaɗai ta rage, budurwa mai shekara goma sha bakwai, kullum tana tsakar gida da tsohuwar kwamfutar ubanta a cinya. Ta ce aikinsa za ta gada, da zarar ta cika sha takwas za ta yi kati ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Injiniya ba ya faɗa a gaban sauran, amma duk duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan.

Yana tsugune yana alwalar magariba tsakuwar farko ta faɗo kan kwanon gidan. Ƙwas. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Ta biyu ta biyo, ta uku, sannan suka zubo da yawa, suna gangarowa ta bakin kwano zuwa tsakar gida. Da suka lafa, sai unguwar ta yi tsit, irin shirun da ko kukan akuya babu. A cikin shirun nan ya ji jan takalma a bayan katanga, na mutane masu yawa, a taka a tsaya, a taka a tsaya. Wani ya yi tari. Wata murya ta ce ƙasa-ƙasa, "A bi layi."

Ya buɗe ƙofar gida da buta a hannu. Ko kare babu a titin.

"Baba," in ji Auta daga bayansa, "dubi hannuna."

Babban yatsanta na dama ya rine shuɗi, irin tawadar da ake shafa wa wanda ya jefa ƙuri'a. Uwar ta wanke da sabulu, ta goge da lemon tsami, ta kawo kananzir. Kamar ƙara rina shi take yi.

Haka aka yi ta yi. Da rana gida lafiya lau, rana na yin ja sai tsakuwa, sai jan takalma, kuma kullum layin ƙara matsowa yake, daga bayan katanga ya shigo soro, daga soro ya shigo tsakar gida. Auta ta daina cin abinci. Sai ta miƙe ta yi ta dangwala yatsa a bango, a kofi, a jikin firiji, ko'ina tabon shuɗi. An kai ta asibiti, likita ya auna komai ya ce gajiyar karatu ce. Gajiyar karatu fa!

Ran nan da yamma Injiniya ya riƙe kafaɗunta ya kira ta. Ta ɗago, ta dube shi da idon da ba nata ba, ta buɗe baki, sai muryar tsoho ta fito, mai kauri, mai kakkarwa.

"Tela. Shekara saba'in. Gida na ƙarshe a layin famfo."

Ya sake ta, ya zauna a ƙasa. Ya san telan nan, don shi ya ƙirƙire shi.

Ga yadda aka yi. Duk mai gina manhaja irin wannan sai ya gwada ta da mutanen ƙarya kafin a zuba na gaskiya, mutanen gwaji ake ce musu. A farkon aikin, Injiniya ya riƙa zuwa da na'urar ɗaukar yatsa gida, Auta tana ƙarama tana zaune kusa da shi. Shi ya ƙago mutum, ita ta dangwala. In babban yatsa ya gaji ta sa na kusa da shi, har goman duka, suna ta dariya. Tsohon tela suka fara yi, sannan ungozoma, direba, mai wanki, daga baya ya sa kwamfuta ta hayayyafa su dubbai da yatsun nan nata. Ya buɗe musu wata ƙofar baya don kada dokarsa ta kama su a junansu. Wurin adireshi kuwa ƙiwuya ta hana shi ƙago wani, ya sa na gidansa, gida na ƙarshe a layin famfo. Da gwamnati ta matsa lamba aka kwashe komai cikin gaggawa zuwa rijistar gaske, mutanen gwaji suka bi ayari, ba wanda ya lura sai shi. Ya bari sai dab da kullewa ya share su a hankali ba tare da kowa ya ji ba. Ranar da ya fara sharar, ita ce ranar da ya dawo gida da wuri.

Ya faɗa wa maiɗakinsa komai. Ta ɗauki mayafi ta tafi ta zo da kawunta, wani dattijon malami da ya daɗe yana fama da masu irin wannan lalura. Ranar kuwa saura kwana ɗaya a kulle rijista.

Malam ya iso bayan la'asar. Bai tambayi komai ba, ya bi tabon shuɗin da ke bango da ido, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya jira har rana ta yi ja. Da tsakuwar farko ta faɗo, sai ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Jan takalma ya kewaye tabarmar. Injiniya ya ji numfashin mutane a ƙeyarsa, ya kasa waiwayawa. Auta ta sandare, ta yi wata ƙara, sannan ta gyara zama irin na tsofaffi, ta dafa gwiwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona mu."

"Wane ne kai?"

"Tambayi surukinka. Shi ya raɗa mini suna."

"Me ya kawo ku jikin 'yar mutane?"

"Ba mu fasa gidan kowa ba," in ji muryar. "Kun sare dazuzzuka, kun cike rijiyoyi, kowane kango kun kunna masa fitila. Ina za mu zauna? Muna yawo muka tarar da gidaje dubbai a buɗe, ga suna, ga shekaru, ga sana'a, ba kowa a ciki. Muka shiga da iyalanmu. Shekaru muna zaune lafiya, sai ga shi da tsintsiya. Waɗanda ya share suka fito ba wurin zuwa, suka duba adireshi, nan ne. Suka duba ƙofa, yatsan yarinyar nan ne."

Malam ya juyo ya dubi Injiniya. "Ɗana, akwai inda za ka mayar da su, ban da can?"

"Akwai, Kawu," in ji Injiniya. "Ina da kwamfuta, zan zuba su duka a ciki, ba mai taɓa su har abada."

Bakin Auta ya yi dariyar tsoho. "Akwatin da ke ƙarƙashin gadonka? Can inda muke ana ƙirga mu. Ana buga sunanmu a manna a bango, a tanadar mana takardar ƙuri'a da akwatin zaɓe. Tun da aka halicce mu ba a taɓa ƙirga mu ba sai yanzu."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Tsakuwa ta yi ta zuba har wani kwano ya ɓule. Jikin Auta ya riƙa bugun ƙasa, muryoyi na fita daga bakinta bi da bi, ta mace, ta saurayi, ta wani mai tari, har jini ya ɓalle mata ta hanci. Uwar ta fashe da kuka tana cewa, "Kawu, za ta mutu a hannuna!" Malam ya dakata. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

"Ka kori ɗaya, ɗari na layi," in ji tsohon a gajiye. "Kaɗan ne fa waɗannan. In ya ƙarasa shararsa, dukanmu nan za mu zo, kuma jikin nan ba zai ɗauke mu ba."

"Me kuke so?" in ji Malam.

"Ya mayar da waɗanda ya share, ya ajiye tsintsiya, a kulle muna ciki. Mu kuma mu bar mata jikinta, ba za ta ƙara jin ɗuriyarmu ba. Jiki nata, yatsu namu."

Uwar ta ce, "Wane irin yatsu? Yanke su za ku yi?"

"Ko ƙwarzane ba za mu yi musu ba. Shi ya gane."

Ya gane kuwa. Duk gidan shi kaɗai ya gane, kuma ganewar ta fi duk abin da ya gani ranar ciwo. Malam ya ce masa a hankali, "Ni iyakar abin da Allah ya ba ni ke nan. Ban san aikinku ba, kai ka san abin da ake saye da abin da ake sayarwa." Injiniya ya dubi 'yarsa, jini na bin haɓarta, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwamfutar aiki, ya zauna a bakin tabarma, hawaye na ɗiga a kan madannai, ya mayar da su kaf.

Malam ya sa tsohon ya yi rantsuwa. Auta ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta. Suka ji takalma na fita, ta tsakar gida, ta soro, ta bayan katanga, ba gaggawa, har suka ɓace. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa, yatsanta fes.

Washegari aka kulle rijista, aka yi taro, aka tafa wa Injiniya. Aka yi zaɓe aka gama. Gida ya koma daidai, aka yi wa bango fenti, aka sauya kwanon da ya ɓule. Auta ta murmure ba ta tuna komai, ta koma karatunta. Shi kuwa ya yi ta rama. Ya bi duk wata kafa da ya sani a manhajar nan yana neman inda zai kutsa, bai samu ba. Ya gina ta da kyau.

Ranar da ta cika sha takwas ta tashe shi da sassafe, ta sha kwalliya, ta ce shi zai raka ta yin kati, don ta ga aikin Babanta da idonta. Suka bi layi a ofishin rijista har aka zo kansu. Ma'aikaciyar ta goge gilashin na'ura, Auta ta ɗora babban yatsa tana murmushi. Na'ura ta yi ƙara, ta kawo ja.

"Sa wani."

Ta sa. Ja. Har goman.

Ma'aikaciyar ta juyo da allon. "'Yan mata, yatsun nan suna da masu su. Wannan na wani tela ne, ɗan shekara saba'in. Har ya jefa ƙuri'a."

Auta ta daɗe tana karanta abin da ke allon. Yarinya ce mai kai, kuma shi ya koyar da ita. Ta juyo a hankali.

"Baba, ai kai ka gina ta. Za ka iya gyarawa, ko?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba da dubansa, har murmushin ya gama barin fuskarta.

Ma'aikaciyar ta sake goge gilashin, ta leƙa bayansu ta ce, "Na gaba."