Amsar Suwaibatu

A tashar jirgin ƙasa ta Nguru Kyari ya fara ganin Suwaibatu, tana tsaye gefen kwandunan bandar mahaifinta, Alhaji Mudi, falke ɗan asalin Kano. Kallo ɗaya ta yi masa, ya manta abin da ya kawo shi tashar.

Kyari malamin makaranta ne, ɗan masuntan Gashuwa, wanda karatu ya kai shi nesa, ya dawo da shi da yawan tunani. Da soyayya ta kai ga maganar aure, sai ya ji kunyar gabatar da mahaifinsa, Malam Ibram, mai ƙaurin hayaƙin kifi a riga. Ya tura hedimasta da akawun tasha su nema masa aurenta. Alhaji ya ba su ruwa kawai, ya sallame su. Ba a jima ba dangin wani Sabitu suka fara kai gaisuwa gidan.

Kyari ya je zance fuska a murtuke.

"Hasken idona, ƙaddara ta shiga tsakaninmu. A wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingilishi, wani ɗan sarki ya tsaya yana tambayar kansa ko ya jure wa masifa, ko ya tashi ya yaƙe ta. Malamanmu sun ce duk hikimar duniya tana cikin wannan tambaya."

"Lokacin da yake tambayar, an ɗaure shi ne?"

"A'a."

"To, ba hikima ba ce, Malam. Tsoro ne aka sa wa babbar riga. Ku da kuka tashi a bakin kogi, ka taɓa ganin wanda jirginsa ya kife ya tsaya nazarin ko iyo ya fi nutsewa?"

"Alhaji ba zai ba ɗan masunci 'yarsa ba."

"Wa ya gaya maka? Cewa Baba ya yi, yaron da ya ɓoye ubansa, gobe matarsa zai ɓoye. Ni dai na faɗa wa Inna, ko tarago Sabitu ya ciko da lefe, ba na so. Na yi nawa yaƙin, masoyi. Saura naka."

Washegari Kyari ya hau babbar mota zuwa Gashuwa. Ranar kasuwa ya dawo Nguru da mahaifinsa da baffanninsa. Bai bi lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya ratsa, yana ɗauke da buzun mahaifinsa a kafaɗa, yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi, "Babana ke nan."

Alhaji Mudi ya fito tarbarsu har ƙofar zaure.

"Yau na ga manema," in ji shi. "Malam Ibram, na ba ɗanka Suwaibatu."

Bayan Sallah aka shafa fatiha, dattawan Nguru da na Gashuwa a tabarma ɗaya, suna roƙon Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.